Sanƙarau: Allurar Kyauta Ce, Amma Wace Iri, Kuma Wa Take Iskewa?

Duk mai ƙaramin yaro a gida ya ɗauko katin rigakafinsa ya duba layin wata tara. Allura uku ake yi a wannan zuwan: ta ƙyanda, ta shawara, da ta sanƙarau. Tun daga 2019 da aka shigar da ta sanƙarau cikin jadawalin rigakafin jarirai a Najeriya, abin da ake rubutawa a gabanta shi ne Men A. Harafin nan na ƙarshe, wanda ba mai kula da shi, a kansa rabin maganar take. Sauran rabin kuma yana kan katunan da layin wata taransu ke nan fari fat, biro bai taɓa hawa kansa ba.

Mu a Kaduna ba sai an gaya mana lokacin sanƙarau ba. Daga watan Disamba, in hunturu ya sauko da ƙurarsa, hanci da maƙogwaro su bushe su tsattsage, ga mura ga tari. Kafin a warware kuma bazara ta kunno kai, zafin Maris da Afrilu ya sa a rasa inda za a sa rai. Ƙwayar cutar ba daga wata uwa duniya take zuwa ba. Tana nan zaune a maƙogwaron kusan mutum ɗaya cikin goma, lafiyarsa ƙalau, yana yawo da ita bai sani ba, yana ba na kusa da shi ta tari da atishawa da numfashi a ɗaki ɗaya. Idan ƙura ta raunata fatar maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu kafa ta shiga jini, ta wuce ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta kumbura shi. Iyayenmu da ke cewa zafi ke kawo sanƙarau, a buɗe taga, a fito tsakar gida a kwana, ba su yi nisa da gaskiya ba. Zafin dai ba shi ne cutar ba, cunkoso da rashin iska su ne ke yi mata hanya. Haka abin yake a ƙasashe 26, daga Senegal har Habasha, kuma da ruwan sama ya zauna sai annobar ta kwanta, kamar an yi ruwa an ɗauke.

Babba in ta kama shi, wuyansa ya sanƙare, kai ya yi kamar zai tsage, ba ya son haske, kowa ya gane. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya sanƙare ba. Zazzaɓi ne, ƙin kama nono, kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya tsayarwa, jiki ya saki ko ya riƙa jijjiga, maɗiga ta kumburo. A gidajenmu wannan sunansa zazzaɓin haƙori, ko na cizon sauro, in jijjiga ta shigo kuma a ce iska ce. A je kemis, a dawo a turara, a jira gari ya waye. Ita kuwa cutar tana iya kashewa cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da sanƙarau na ƙwayar bakteriya ya kama, ɗaya yana mutuwa, kuma cikin biyar ɗaya yana tashi da tabon da zai zauna da shi: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Akwai wani tela a layinmu, gwanin aikin wuyan riga. Idan ka kai masa ɗinki sai ka tsaya a gabansa sosai, don bakinka yake kallo. Yana magana, amma maganar ta tsaya a inda ta tsaya yana ɗan shekara huɗu. Mahaifiyarsa ta taɓa gaya mini cewa kwana uku ya yi bai san inda kansa yake ba, da ya farfaɗo aka yi ta murna, sai bayan mako guda tire ya faɗi a bayansa bai ko waiwaya ba. A bazarar 1996 ne. A lissafin hukuma yana cikin waɗanda suka warke.

Shekarar nan ta 1996 ita ce ma'aunin duk wata maganar sanƙarau a Arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A faɗin yankin kuwa, tsakanin 1996 da 1997, an ƙirga kimanin mutum 250,000 da suka kamu, 25,000 suka mutu. Akwai allura a lokacin, amma tsohuwar samfuri ce: ba ta kama jikin yaron da bai kai shekara biyu ba yadda ya kamata, ƙarfinta ba ya wuce 'yan shekaru, kuma ba ta kawar da ƙwayar daga maƙogwaron mai ɗauke da ita. Don haka ba a sa ta cikin jadawali, sai annoba ta ɓarke a yi ta rabawa. Ihu bayan hari ke nan.

Abin da ya sauya lissafin shi ne allurar MenAfriVac, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar lafiya mai zaman kanta ta PATH suka tsaya a kanta, kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa ta, a kan farashin da bai kai rabin dala ba kowace guda. An fara ta a Burkina Faso a ƙarshen 2010, Najeriya kuma ta yi gangaminta daga 2011 zuwa 2014, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Ita wannan tana kama jikin ƙaramin yaro, tana daɗewa, kuma tana share ƙwayar daga maƙogwaro, ta yadda har wanda ba a yi wa ba yana cin albarkacin waɗanda aka yi wa. Har ila yau tana jure zafin da ya kai digiri 40 na tsawon kwana huɗu ba tare da firji ba, abin da duk wanda ya san halin wutarmu zai gane darajarsa. Nau'in A, wanda a da shi ke jawo kashi 80 ko fiye na annobar yankin, ya ɓace kusan ɗungurungum. Wannan nasara ce babba, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba, don annobar da ba ta zo ba ba ta da hoto.

Sai dai ƙwayar sanƙarau dangi ce. Akwai A, B, C, W, X da Y, kuma allurar ɗaya ba ta tsare ɗaya. Da aka kori A, sai C ta fara leƙowa a Sakkwato da Kebbi tun wajen 2013, ta yi ɓarna a Nijar a 2015, sannan ta yi mana dirar mikiya daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017: sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, akasari a Zamfara, Sakkwato, Katsina, Kebbi, Neja da Yobe. Uku daga cikin waɗannan jihohi iyaka ɗaya muke da su. A lokacin ne aka ruwaito gwamnan Zamfara na wancan zamani, Abdul'aziz Yari, yana danganta annobar da yawan saɓon Allah, kuma a nan garin Kaduna, a wajen taron zuba jari na watan Afrilun 2017, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani cewa idan babu allura a faɗi gaskiya a je a nemo ta. An yi ta cacar baki a kan wa ya yi daidai a addinance, aka bar ainihin abin da ya faru a gefe: allurar da ke tsare C ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, kuma wadda ake da ita a kasuwannin Turai da Amurka ta fi ƙarfin aljihun gwamnatocinmu.

Wani abin lura a nan, wanda ni yake tsaya mini a rai. Tun bayan ɓarkewar nau'in W a aikin Hajjin 2000 da 2001, Saudiyya ta wajabta wa kowane maniyyaci allurar da ke tsare nau'i huɗu, A, C, W da Y. Ba wanda ke gardama. Alhaji da Hajiya suna bin layi su miƙa dantse, don ba kati ba tafiya. Wato dattijon da zai hau jirgi yana tafiya da kariyar nau'i huɗu, jikansa ɗan wata tara da aka bari a Rigasa, a ɗaki ɗaya da mutum bakwai, yana da ta nau'i ɗaya, in ma an kai shi.

Yanzu hujjar rashin allura ta faɗi. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke tsare nau'i biyar a tashi ɗaya: A, C, W, Y da X. Su Serum Institute da PATH ɗin nan ne suka shafe shekara 13 suna aikinta, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da ita, a watan Maris na 2024, lokacin da annoba ta riga ta kashe mutum 153 a jihohi bakwai, ciki har da ɗaliban makarantun kwana a Yobe. Aka nufi yi wa mutum sama da miliyan ɗaya. Da cutar ta sake tashi a 2025, musamman a Kebbi, Sakkwato da Katsina, aka sake kawo sama da miliyan ɗaya daga rumbun gaggawa da Gavi, ƙawancen duniya mai tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da alluran rigakafi, ke biya.

Abin alfahari ne, amma a duba ƙofar da allurar ta shigo: ƙofar gaggawa. Ga yadda wannan ƙofa take aiki. Sai marasa lafiya sun je asibiti. Sai an ɗebi ruwan lakarsu an kai ɗakin gwaji an tabbatar da nau'in. Sai adadin ya kai mizanin annoba, wato mutum goma cikin 100,000 a mako guda. Sannan a rubuta wa kwamitin da ke riƙe da rumbun alluran gaggawa na duniya, a amince, a ɗauko a jirgi, a raba wa jihohi, a shirya ma'aikata. Bayan an yi allurar ma jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin ya ɗaura ɗamara. Kowane mataki a nan kwanaki yake ci, cutar kuwa awoyi take ƙirgawa. Sau da yawa kafin gangami ya kankama, hadarin damina ya fara haɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarar da ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba ƙasashen yankinmu tun 2023 a fili take: a maye gurbin ta A da mai biyar ɗin a jadawalin yara, allura ɗaya tsakanin wata 9 zuwa 18, sannan inda haɗarin ya fi yawa a yi gangami sau ɗaya ga 'yan shekara 1 zuwa 19. Ni a ganina wannan shi ne matakin farko na faɗaɗa rigakafin kyauta, kuma muddin mai biyar ɗin ba ta zauna daram a layin wata tara na kowane kati ba, muna gadin ƙofar da ɓarawo ya daina bi ne. Gangamin 'yan shekara 1 zuwa 19 kuma yana da muhimmanci na musamman a wajenmu saboda makarantun allo da na kwana. Almajirin da aka kawo Zariya ko Tudun Wada yana ɗan shekara bakwai ba shi da kati, ba shi da uwa a kusa da za ta lura jikinsa ya yi zafi, kuma yana kwana ne a zaure da yara talatin.

To wa zai biya? Kyauta a bakin allura take, a bayan fage akwai mai zaro kuɗi. Mai biyar ɗin ta fi ta A tsada ninki-ba-ninki. Gavi ke ɗaukar kaso, gwamnatin tarayya tana sa nata, kuma yarjejeniyar da aka yi a 2018 ita ce kason Najeriya ya riƙa hauhawa har zuwa 2028, lokacin da aka tsara ƙasar ta ɗauki nauyin allurarta da kanta. Ana cikin haka Amurka ta sanar a 2025 cewa ta dakatar da ba Gavi kuɗi. Alluran da dala ake sayensu, kasafinmu kuma da naira ake rubuta shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, amma rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsu a kan kari daban. Sayen allura na Abuja ne. Firji, man babur, albashin ma'aikaci da kai allurar ƙauye kuwa suna kan jiha da ƙananan hukumominta 23.

Nan muka iso ga katunan da ba a cike ba. Najeriya na da yara sama da miliyan biyu da ba a taɓa yi wa ko allurar farko ta jadawali ba, kuma Arewa maso Yamma ce ke ɗauke da kaso mai tsoka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari ne kawai na 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala alluransu na tushe. Ko da gobe aka cika kowane firji da mai biyar ɗin, waɗannan yaran ba ta iske su ba.

Na taɓa raka ƙanwata wani asibitin sha-ka-tafi a bayan gari, da ɗanta ranar da ya cika wata tara. Mun biya keke napep, mun isa wajen ƙarfe goma, mata biyar ne a benci, biyu kaɗai masu 'yan wata tara. Ma'aikaciyar ta karɓi katin ta duba, ta ce, "Maman yaro, ki yi haƙuri ki dawo ranar Talata. Kwalbar ta mutum goma ce, in na fasa yau sauran zubarwa zan yi." Ƙanwata ta ce, "Malama, daga nesa fa muke." Ta ce ta sani, amma in ta zubar da takwas, ranar Talatar ba ta da abin da za ta yi wa masu zuwa. Ban ga laifinta ba. Gari ne a cikin kwalbar, in an haɗa shi da ruwansa awa shida kawai yake yi. Mu mun koma ranar Talata don muna da kuɗin keke na biyu. Ɗaya matar, wadda ta bar tallan awararta ta zo, ban gan ta a bencin ba.

Wannan shi ne farashin kyauta: kuɗin mota zuwa da dawowa, cinikin yini guda, izinin maigida sau biyu, da wanda za a bar wa sauran yara. Ga kuma tazarar da ke cikin jadawalin kansa. Ana zuwa ranar haihuwa, a mako shida, mako goma, mako sha huɗu, uwa na cikin ɗokin jego tana zuwa. Daga nan sai a yi watanni kafin layin wata tara. Yaro ya yi ɓul-ɓul yana rarrafe, kati ya shige ƙasan akwati, wataƙila wani cikin ma ya shiga. Allurar sanƙarau ta faɗo daidai inda aka fi zubewa.

Jihar Kaduna ba a zaune take ba. An yi tsarin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255, an kuma shigo da jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline da ke tashi daga Pambeguwa suna jefa magani da allura a asibitocin karkara. Amma jirgi kwali yake saukewa, ba ya tsira allura. A sassan Birnin Gwari, Giwa, Chikun da Kajuru, shekarun 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka, ma'aikata suka ƙaurace wa wuraren aikinsu, iyalai suka kwararo gefen gari suka cunkushe a kangwaye da ɗakunan haya. Yaran da aka haifa cikin wannan gudun su ne suka fi kowa rashin allura, kuma su ne ke kwana a irin ɗakin da cutar ta fi so.

Sai maganar yarda, wadda bai kamata a yi ta da raini ba. A cikin annobar 1996 ɗin ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Magani ne aka gwada, ba rigakafi ba, amma a kunnen talaka duk allurar Bature ce. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohi, har da Kaduna na ɗan lokaci, wannan tabon na cikin abin da aka riƙa nunawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya gyara lamarin shan inna shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi, da masu unguwanni, limamai da unguwarzoma, mutanen da ake gani kullum. Sanƙarau ma ya fi sauƙin bayani, don mutane sun ga aikinsa da idonsu, kuma idan ya ɓarke da kansu suke neman allurar. Wahalar ita ce a shawo kan uba a watan Nuwamba, lokacin da ba kowa a kwance.

Akwai kuma abin da ko masu ilimi ba su cika sani ba. Ba ƙwaya ɗaya ke kawo sanƙarau ga jarirai ba. Ƙwayar da ke jawo ciwon huhu, da wata da ake kira Hib, duk suna hawa ƙwaƙwalwa, kuma ba sa jiran bazara. Allurar Penta da aka shigo da ita a 2012 tana tsare Hib, PCV da aka fara a ƙarshen 2014 tana tsare ta huhun, BCG ta ranar haihuwa kuma tana rage sanƙarau na tarin fuka. Ashe uwar da ke kai ɗanta a mako shida, goma da sha huɗu rigakafin sanƙarau take yi masa tun kafin wata tara, ba ta sani ba, don ba wanda ya gaya mata. Da ma'aikata za su riƙa faɗin haka da Hausa, maimakon a karɓi cinya a tsira a ce na gaba, da bencin ya fi haka cika.

Ranar Talatar da muka koma, bayan an yi wa yaron, na tsaya ina kallon babban littafin da ma'aikaciyar ke cikewa. Kowane yaro da layinsa, da sunan unguwa, da na mai unguwa. Ta nuna mini shafukan baya, inda ta bi ta sa ɗigon jan biro a gaban duk wanda ya zo mako sha huɗu bai dawo na wata tara ba. A wani shafin jan ya fi baƙin yawa. Na ce, "Malama, to su waɗannan fa?" Ta ce ta san gidajen yawancinsu, kuma a tsari akwai ranar fita unguwa da akwatin sanyi a bi su. Babur ɗin yana nan a jingine a bayan ɗakin awo, watansa uku ba a ba su kuɗin mai ba.